Fata ko roba: gardama kan gangar parai

Mai Tsokano Zance: Jama'a, ga magana. Gangar parai ta jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, wadda ake ce wa dappu a jihar Telangana, in dai kiɗan titi ne, ta roba ta fi ta fata. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Maɗaurin Ganga: Malam, da sauƙi dai. Ka san yadda ake ɗaura ta fatar? Kewayayyen katako ne, galibi na dogon yaro, faɗinsa kamar santimita 35, fuska ɗaya. A jiƙa fatar saniya, a kankare gashin, a niƙa ƙwallon tsamiya a dafa ya yi kauri kamar talge, a shafe bakin katakon, sannan a ja fatar a ɗame ta da igiya ta baya har ta bushe. Ba tsirkiya, ba noti. Wuta ce ke saita ta: a kunna tattaka ko takarda, a kara fuskar, ana juyawa ana ƙwanƙwasawa har amon ya tashi. Wannan amon roba ba ta da shi.

Mai Tsokano Zance: Ai wutar ce ciwon. Bikin Bonalu na mabiya addinin Hindu a Haidarabad, babban birnin Telangana, a Yuli zuwa Agusta yake faɗowa, tsakiyar damina. Fata na shan danshi ta saki, kiɗa ya koma dukan kwali. Ana tsaka da jerin gwano sai a tsaya neman busasshiyar takarda? Ta roba kuwa sifana kawai za ka sa ka ɗaure notinta, ko ana tsuga ruwa.

Mai Koyar da Rawa: Yayana, ka manta a paraiattam, wato rawar parai, makaɗin shi ne ɗan rawar. Gangar na rataye a kafaɗar hagu, tana tsaye jikin mutum. Hannun dama na riƙe da gajeriyar sanda mai kauri, adi kuchi, ita ke ba da bugu mai nauyi. Hagu na riƙe da doguwar siririyar gora, sundu kuchi, tana cike tsakani. Ƙafa bugun mai nauyi take bi. A fata muryoyin nan biyu daban suke fita. A roba duk su zama ƙara ɗaya mai kaifi, kuma makaɗa goma in suka haɗu a lungu, na baya ya rasa inda zai sa ƙafa. Batun tsayawa kuma, ba gaba ɗaya ake tsayawa ba. Wasu na gasa gangarsu, wasu na riƙe da kiɗan, mai gasawar ya samu ya sarara.

Maɗaurin Ganga: Gaskiyarki, Hajiya. Yawancin fatar da ke mutuwa ma garaje ke kashe ta. A kusanta ta da harshen wuta, tsakiya ta ƙone, bugu kaɗan ta tsage. A gasa gefe ɗaya, ta ja ba daidai ba. In ruwa ya jiƙa bakin kuwa, tsamiyar ta saki, sai sabon ɗauri.

Mai Bibiya: Akwai abin da ba ku taɓo ba. Aikin fata da kiɗan nan gadon Dalit ne, wato al'ummomin da tsarin asali na Indiya ya ajiye a ƙasan kowa, Paraiyar a Tamil Nadu, Madiga a Telangana da Andhra, kuma an daɗe ana ƙyamar su a kansa, musamman kiɗan gawa. Roba ta buɗe wa masu gudun taɓa fata ƙofa, amma cinikin ya bar hannun majema ya koma masana'anta.

Mai Tsokano Zance: Wannan wata muhawarar ce. Ni maganata titi da ruwan sama. A bikin Chithirai na birnin Madurai a Tamil Nadu, Afrilu zuwa Mayu, rana ma ta ishi fata, ban musa ba. Amma ku ba ni amsar Bonalu.

Mai Koyar da Rawa: Ganga biyu ga kowane makaɗi, ɗaya a naɗe cikin leda. In yayyafi ne, a musanya. In ruwa ya kece, to a ɗauko ta robarka, amma a rage yawan masu siririyar sanda.