Shawarwari ga masu shirya fim kan iyalan kurame

A wata tattaunawa kan yadda ya kamata a nuna iyalan kurame a fim, abin da aka fi nanatawa shi ne a bar kurame su fito a matsayin kurame. An kawo misalin Troy Kotsur, kurman da ya ci kyautar Oscar a 2022. Kada kuma kyamara ta yanke hannuwa ko fuska, domin a maganar hannu ko ɗaga gira yana sauya ma'ana.

An fi daɗewa kan yaron da yake ji amma iyayensa kurame ne. Tun yana ƙarami shi ne tafinta: a gaban likita, shi zai fara jin ciwon mahaifinsa kafin mai ciwon ya sani. A nuna wannan nauyi, amma ban da mayar da iyayen abin tausayi, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Rubutun ƙasan allo kuwa, babu wanda ya yi musun a sa shi.