Altaneta ko dinamo a injin karamin jirgi na hadin gida?

Mai Walda Ringim:
Salamu alaikum yan uwa. Shekara ta biyu kenan ina hada karamin jirgi mai kujera daya a bayan shagona, a kauyenmu nan kusa da Ringim. Injin Volkswagen kunkuru na samo a Kofar Ruwa, mai cc 1600, ya zo da tsohon dinamonsa na 12 bolt, irin janaretan mota na da. Na daure injin a kan benci ina gwaji, abin da ke damuna in yana silo jan fitilar caji bata mutuwa sai na ja wuta sosai. Shin in bar dinamon ne ko in sa altaneta? Wallahi abin nan ya hana ni barci.

Rewaya Kazaure:
Wa alaikumus salam. Malam ba lalacewa yayi ba, halin dinamo kenan, baya bada caji sai inji ya dau gudu. Wutar da yake haifarwa gaba dayanta ta kan kabon (burushin da ke gogar sandarsa mai juyawa) take bi shi yasa kabon din ke saurin cinyewa, in ka bude zaka ga bakin gari ya taru a ciki kamar toka. Altaneta kuwa yar wuta kadan ce ke bi ta kabon, dayod ne ke juya wutar da take haifarwa ta koma irin ta batir, tana caji tun daga silo kuma bata kai shi nauyi ba, kai da kake lissafin kowane kilo. Dinamon kunkuru amfiya 30 yake bayarwa. Sannan ka lura a mota fankar sanyaya inji a jikin sandarsa take, a jirgi kuwa iskar farfela ce zata sanyaya, kaga amfaninsa ya ragu. Nemi karamar altaneta kirar Denso mai amfiya 40 ta isheka.

Baban Yara Gumel:
Yaro kar ka raina dinamo. Na yi shekaru ina tuka kunkuru, ko batir ya mutu murus in an tura ta tashi shi da kansa zai fara caji, saboda dan maganadisun da ya rage a karfensa. Altaneta sai batir ya bata wuta tukuna.

Rewaya Kazaure:
Gaskiya ne Baba, wannan kam dinamo ya fi. Amma jirgi ai ba a tashi da mataccen batir tun farko.

Dalibin Zariya:
Yallabai Mai Walda ni tsorona ba nan yake ba. Me ke ba fulog dinka wuta? In kwayil din mota ne to da batir yake aiki, ranar da bel ya tsinke a sama ko dinamo ne ko altaneta batir zai yi ta zuba har inji ya mutu, kuma babu gefen titi da zaka faka. Shi yasa injinan jirgi irin Lycoming suke da magneto biyu, su ke haifar da wutar fulog da kansu ba ruwansu da batir. Ko Air Beetle da aka hada a Kaduna wa sojan sama Lycoming ne a ciki. In zaka sa altanetar mota sai ka samar da makunnin da zai yanke ta gaba daya, don in regileta, mai daidaita karfin wuta, ta haukace wuta zata wuce 14 bolt da nisa, ta kona rediyo ta dafa batir. Ka sa agogon bolt a gabanka inda ido zai rika gani. Don Allah kafin taya ta bar kasa ka je NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, su duba aikin.

Mai Walda Ringim:
Allah ya saka da alheri, kwayil ne kuwa, ban taba kawo maganar bel a raina ba. Altaneta zan sa. Ranar Asabar zan shiga Kano, Malam Rewaya wace mota ce ke zuwa da karamar Denson nan in tambaya da sunanta? Kuma wa ya san inda ake samun magneto mai silinda hudu?