Dan Allah masana doka, cacar waya halas ce a dokar ƙasa? Ƙanina ya ƙarar da jarin shago

Maman Ilham:

Slm jama'ar wannan zaure, dan Allah shawara nake nema, wlh kwana uku kenan ban yi baccin kirki ba. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 22, bayan rasuwar Babanmu ni da Yayanmu muka haɗa dubu 400 muka buɗe masa shagon POS da cajin waya a unguwarmu nan Kano. Ranar Asabar wani da yake kawo masa katin waya ya zo har gida yana sallama wai sati uku yana bin kuɗinsa, nan ne fa asiri ya tonu, ashe babu komai a asusun shagon, duk ya zuba su a bet ɗin ƙwallo da wannan wasan na jirgi da yake tashi a waya. Yaron da ko shayi bai cika zama sha a waje ba balle a ce ya je shagon caca, a ɗakinsa yake yi da daddare muna zaton kallon ƙwallo yake.

Da Yaya ya ritsa shi sai cewa ya yi ai gwamnati ce ta ba kamfanonin lasisi, ga tallansu nan a talabijin da rigunan 'yan ƙwallo, da laifi ne da an hana. Kuma wai yana da dubu 180 da ya ci a wani shafi da ya samu a Telegram, sun ce sai ya tura dubu 20 kuɗin haraji kafin su sakar masa, ya tura, daga nan suka toshe shi. To tambayata, da gaske doka ta yarda da abin nan a Kano? Kuma akwai inda za mu kai ƙara a dawo mana ko da wannan 180 ɗin ne mu biya mai kati? Hajiyarmu har yanzu ba ta sani ba, tana da hawan jini.

Barista A.:

Wa alaikumussalam Maman Ilham, Allah ya yaye. Maganar ƙaninki rabinta gaskiya ce, amma rabin da ya bari shi ne wanda ya shafe shi. Da can akwai dokar tarayya ta 2005 wadda ta kafa hukumar kula da caca ta ƙasa, NLRC, ita take ba manyan kamfanoni lasisi su ce suna da izinin aiki a duk Najeriya. Jihar Legas ta kai ƙara tun 2008 tana cewa wannan ba hurumin tarayya ba ne, shari'ar ta daɗe sosai, sai ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa harkar caca ta majalisun dokokin jihohi ce, dokar tarayya a Abuja kaɗai take da ƙarfi. Ma'ana yanzu ba a tambayar me dokar Najeriya ta ce, sai dai me dokar jiharku ta ce. Legas tana da hukumarta, tana ba da lasisi tana karɓar haraji, a can halas ne ga wanda ya kai shekara 18. Kano kuwa tana cikin jihohi 12 da suke aiki da shari'ar Musulunci, kuma dokarta ta hana caca, shi ya sa kika ga Hisba ta rufe shagunan bet a watan Oktoban 2024, bayan hukuncin kotun ma suka ce za su ci gaba da kamen. Lasisin Legas ba ya mayar da abin halas a Fagge ko Gwale.

Matsalar ita ce ana iya sa wa shago kwaɗo, wayar da take aljihun yaro kuwa ba mai sa mata. Manhajar tana buɗewa a Kano kamar yadda take buɗewa a Ikeja, kuɗi suna fita daga banki cikin daƙiƙa. Sai mai yi ya zama shi ne a tsakiya, doka ba ta hana abin isowa gare shi ba, kuma in an cuce shi ba ta da inda za ta tsaya masa, don kotu ba ta tilasta a biya kuɗin da aka samo ta hanyar da dokar wurin ta haramta, wanda ya je nema ma kansa ya kai ƙara.

Game da 180 ɗin nan, ki yi haƙuri zan faɗa miki yadda yake, babu su, ba a taɓa samunsu ba, lamba ce kawai aka rubuta masa a fuskar waya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin a sakar maka kuɗi ɗan damfara ne. Dubu 20 da ya tura ita ce damfara ta zahiri, wannan kam laifi ne a ko'ina, ku ɗauki hoton hirar da lambar asusun da ya tura wa ku kai bankinsa ku shigar da koke a rubuce, za ku iya kai wa EFCC ko 'yan sanda ma. Amma kar ku ɗora biyan mai kati a kan wannan.

Dan Mararaba:

Anti ni abin nan na san shi ciki da waje, shekara biyu na yi ina buga wa mutane tikiti a wani shago a hanyar Abuja, kuma nima na faɗa ciki, albashina ko sati ba ya yi a hannuna. Barista ya yi maganar doka, bari ni in yi ta lissafi, don ko kamfanin yana da lasisi goma kuma yana biya tsaf ba cuta, mai buga wasa a ƙasa yake.

Ki ɗauki wasan da ko dai a ci ko a faɗi, rabi da rabi. Da adalci za a yi, wanda ya sa naira 100 in ya ci 200 za a ba shi. Su kuma sai su ba da 1.90, wato 190. Mutum biyu sun sa 100 100 ɓangare daban daban, kamfani ya karɓi 200 ya biya 190, goma ta zama tasa ko wa ya yi nasara. Kaman ba komai ko? To yaranmu ba wasa ɗaya suke sawa ba, goma suke jerawa a tikiti ɗaya don kuɗin ya kumbura. Wasa goma irin wannan, damar duk su shigo ɗaya ce cikin 1024. Da gaskiya za a bi naira 100 za ta kawo 102,400, amma abin da za a rubuta a tikitin wajen 61,300 ne. Kusan kashi 40 cikin ɗari an riga an zare tun ba a take ƙwallo ba. Shi ya sa suke ƙara wa mai dogon tikiti bonas suna lallaɓa shi, a nan ribarsu take.

Kuma abin da ya fi kashe mu shi ne wasa ɗaya ya yanke tikiti. Tara sun shigo, ɗaya ya ɓata a minti na 88, sai ka kwana kana cewa saura ƙiris, gobe ka ninka kuɗin. Wlh na ga magidanta suna hawaye a gaban kanta a kan wasa ɗaya, washegari kuma su ne farkon zuwa. Shi ƙwallo ma da sauƙi tunda sai ka jira a buga, na jirgin nan da ƙwallon kwamfuta da ake ce wa bebi ba jira, kowane ɗan lokaci sabon zagaye, inji ne yake fitar da sakamako, babu wani sanin ƙwallo ko dabara da zai taimake ka. Dubu 400 tana iya tafiya a dare biyu. Masu sayar da wai wasan da aka riga aka shirya a Telegram kuma ki tambayi kanki, wanda ya san sakamako tabbas me zai sa ya sayar da shi dubu biyar?

Abu ɗaya zan roƙe ki, ki bincika ko ya ci bashi a manhajojin ba da rance, yawancinmu can muke ƙarewa, kuma in ka kasa biya wasunsu duk lambobin wayarka suke bi da saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, sai da ta kai wa wasu samame a 2022 kan haka. Kar Hajiya ta fara ji daga bakinsu.

Malam Abu Sumayya:

'Yar'uwa Allah ya ba ku haƙuri. Ni ina ganin ko da Kotun Ƙoli ta ce halas ne a ko'ina, mu hukuncinmu yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, an haɗa caca da giya wuri guda, aka ce Shaiɗan yana so ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyarsu ya kuma kange ku daga ambaton Allah da sallah. Ga shi kuwa kin gani a gidanku, wa da ƙani sun fara ɗaga wa juna murya. Canja mata suna zuwa bet ko hasashen wasa bai canja komai ba. Ko da 180 ɗin nan gaskiya ce ban ba ku shawarar ku bi ta ba. Sai dai ku yi masa nasiha cikin sirri, kar a tara masa jama'a, wanda aka kunyata a bainar jama'a wuyar dawowa yake yi.

Anti Nas:

Malam ya yi gaskiya amma dan Allah kar a tsaya a wa'azi kaɗai, yaron nan ya san haramun ne tun yana Islamiyya, sanin bai hana shi ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, kusa da shaye shaye, mutum yana so ya bari yana kasawa, yana ƙarya yana ɓoyewa yana bin abin da aka cinye masa da niyyar ya dawo da shi ya daina. Zan iya rantsewa abin da ƙaninki yake faɗa wa kansa kenan tun dubu hamsin ta farko, bari in mayar da jarin kafin su Yaya su gane, garin neman gira aka rasa ido.

Don haka rantsuwa da Alƙur'ani cewa ya daina ba za ta isa ba, ku raba shi da kuɗi tukuna. Asusun shago ya koma sunan Yayanku, alat ya riƙa shigowa wayar Yaya, kullum da daddare a yi lissafi. Ku zauna da shi ya shiga kowace manhaja ya nemi a rufe masa asusu, masu lasisi da yawa suna da wurin da mutum zai dakatar da kansa, goge manhaja kawai ba ya aiki don minti biyu ne ya sake saukewa. In da hali ya koma ƙaramar waya na wata biyu ko uku. Bashin mai kati kuma kar ku biya a ɓoye shi yana zaune, ku je tare a yi yarjejeniya ya riƙa biya daga guminsa. Sannan ki sa ido a kansa sosai kwanakin nan, in kika ga ya daina cin abinci, ya kulle kansa a ɗaki ko yana maganar gara ya mutu ya huta, kar ki ɗauka wasa ne, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko ɓangaren masu tabin hankali a asibitin Malam Aminu Kano a ranar, zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Baba Zango Kumasi:

Mu nan Gana abin halas ne a doka, akwai hukumar da take ba da lasisi, gwamnati har harajin kashi 10 ta sa a kan abin da mutum ya ci a 2023 kafin a soke shi a 2025. Amma ki zo zango ki ga samarinmu, kuɗin sayen babur da kuɗin makaranta duk suna tafiya. Lasisi yana sa a biya ka in ka ci, bai hana a cinye ka ba, ki faɗa wa ƙaninki haka daga wani babansa na nesa.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri, Barista na cire rai da 180 ɗin, gobe in sha Allah za mu je banki da hotunan hirar. Dan Mararaba wlh kamar ka sani, jiya da daddare na zaunar da shi ni kaɗai ba Yaya, na karanta masa lissafin nan naka na 1024 ya yi shiru ya daɗe, daga baya ya fashe da kuka ya ce akwai bashin manhaja biyu, dubu 35 da dubu 28, ɗaya ranar Alhamis wa'adinta yake cika. Ya ba ni wayar da hannunsa, yanzu haka tana cikin jakata, na ba shi tsohuwar ƙaramar wayata. Anti Nas ya yarda asusun ya koma hannun Yaya, kuma abinci ya ɗan ci da safe. Abin da ya rage min shi ne Hajiya, Yaya ya ce mu faɗa mata da kanmu kafin Alhamis, ni kuma tsoron jikinta nake ji. Dan Allah in akwai wadda ta taɓa kai wa mahaifiyarta irin wannan labarin ta faɗa min ta ina ta fara.