Faya-fayan Hank Williams a cikin kayan mahaifina, yaya zan yi da su?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Da aka raba gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ni na ɗauki akwatin faya-fayansa. Yawanci Jim Reeves ne da Don Williams da Skeeter Davis, waɗanda muka tashi muna ji a gida. Amma a ƙasan akwatin akwai wasu masu nauyi, ba sa lanƙwasuwa, da tambarin zakin kamfanin MGM da sunan Hank Williams, mawaƙin nan na Amurka. Na ɗora ɗaya a na'urata, sai muryar ta fito a jaye, ga ƙara kamar ana suya. Sun lalace ne? Wani ya ce in goge su da sifirit.

Baba Mai Garmaho:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa mahaifinka, Ya sa Aljanna ce makoma.

Ɗana, ajiye sifirit ɗin nan tukuna. Abin da ke hannunka faya-fayan garmaho ne masu juyi 78 a minti, kuma da shalak aka yi su, wani irin ƙaro da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya. Sifirit narkar da shi yake yi. Ka sami tsumma mai laushi, ka ɗan jiƙa da ruwa mai tsabta, ka bi zagayen layin, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka bar shi ya bushe a inuwa. Ka riƙe da hannu biyu, in ya faɗi ya fashe ke nan.

Jan muryar kuwa, na'urarka tana juyi 33 ko 45 ne. Allurarka ma ta yi siriri, tana nutsewa can ƙasan layin tana kwaso datti. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai siririn layi, RCA kuma ya kawo ɗan ƙarami mai 45 a 1949. Hank ya rasu ran 1 ga Janairu 1953 yana ɗan shekara 29, don haka zamanin 78 ne zamaninsa. Nemi na'ura mai 78 da allurarta ta musamman.

Amma ko ka samu, kada ka sa ran laushin Jim Reeves. Shi Reeves na tafarkin Nashville ne, wanda su Chet Atkins suka tsara: aka rage goge da jitar ƙarfe mai kuka, aka sa 'yan amshi masu sanyin murya. Honky-tonk kuwa, wato salon waƙar Hank, a mashayun Texas da Oklahoma ya girma, inda ma'aikatan rijiyoyin mai ke taruwa cikin hayaniya. Saboda a ji shi cikin wannan hayaniyar Ernest Tubb ya sa jita mai lantarki a 1941. Waƙoƙin talaka ne, na rabuwar aure da bashi da nadamar wanda giya ta ci masa mutunci. Ni dai muryar Hank da ke karyewa a tsakiyar baiti ta fi taɓa ni fiye da duk wani gyara. In ta shige ka, nemi Lefty Frizzell da Webb Pierce da Kitty Wells.

Maman Ikram:
Baba ya gama magana. Ƙarin da zan yi, ƙanena, ka jera su a tsaye, kada ka ɗora wani kan wani, kuma ka raba masu nauyin da sauran. Zafin bazara yana lanƙwasa na roba, ƙurar hunturu kuma tana cika layin, to kowanne ya zauna cikin jakarsa ta takarda. In za ka sayi babban faifan Hank, ka lura: bayan rasuwarsa MGM ya ɗora wa wasu waƙoƙin ƙarin kiɗa, ba yadda ya rera su ba ne.

Malam Na Jos:
Baba, a yi wa Jim Reeves adalci. Kafin ya koma RCA a 1955, a kamfanin Abbott yake, yana ɗaga murya da goge a bayansa. Wanda ya ji na 1953 da ƙyar zai gane shi.

Baba Mai Garmaho:
Gaskiyarka, Malam, na Abbott ɗin daban suke. Ɗana, duba min lambar da ke jikin takardar tsakiya da wadda aka zana a gefenta, ka kuma karanta ko an rubuta Amurka ko Ingila. Da su za mu gane wane bugu ne.