Corolla 1.6 ta 1994 tana sarewa a hawa: me ke ƙara wa injin 4A-FE ƙarfi?

Mai_Corolla94:

Assalamu alaikum, masana mota na wannan zaure. Corolla ce ƙirar 1994, injin 4A-FE mai lita 1.6, injekta ce, giyar hannu. Mita na nuna kilomita 310,000. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba laifi, amma da zarar an ɗauki mutum huɗu da kaya a but aka doshi Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos, sai ta sare. A giya huɗu totur na ƙasa amma gudu sai raguwa yake yi. Ba ta hayaƙi, ba ta shan baƙin mai sosai, fetur ne dai take zuƙa. Tayoyinta 185/70 R14 ne, an cire tamostat, fanka kuma tana juyawa tun daga tayar da mota. Shawara uku aka ba ni: a sa babban bututun salansa, a ƙara taimin, ko a kankare tof silinda. Wanne ne zai ƙara ƙarfi da gaske, wanne ne asarar kuɗi?

Oga_Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Duka ukun ka ajiye su tukuna. Injin nan ya baro kamfani da ƙarfin doki 105 zuwa 115, gwargwadon ƙasar da aka ƙera wa motar, kuma mai wannan tafiyar da wuya a ce duka suna nan. Dawo da wanda ya zube ya fi arha, ya kuma fi abin da salansa za ta ba ka yawa.

Fara da awon matsin silinda. A bar inji ya yi zafi, a kashe, a kwance fulogi huɗun duka, a zare soket ɗin distiributa da fiyus na EFI, wato na tsarin fesa fetur, don kada wuta ko fetur su shiga. Mutum ɗaya ya danne totur har ƙasa ya murɗa makulli, ɗaya ya riƙe geji a ramin fulogi. Batir ya kasance da ƙarfi, in ba haka ba gejin ƙarya zai yi maka. Lafiyayyen 4A-FE yana kai psi 190 (psi ma'aunin matsi ne a geji), mafi ƙarancin da Toyota ta yarda da shi 142 ne, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 14. Wanda ya faɗi ƙasa, a zuba masa baƙin mai cokalin shayi ɗaya a sake aunawa. In allura ta ɗaga sosai, ringi ne ya cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu.

Daga nan a duba alamar taimin bel. A juya inji har tsagar fulin ƙasa ta tsaya a kan 0, sannan a leƙa ta ɗan ramin da ke jikin fulin sama, dole a ga alamar da ke bayansa a tsakiyar ramin. Haƙori ɗaya kacal in aka tsallake lokacin canjin bel, mota za ta tashi, za ta yi silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, lafiya lau, amma ba za ta ja ba. Ana yawan samun wannan, kuma sai a yi ta canza fulogi da nozul a banza.

Kuloci ma a gwada shi: kana tafiyar kilomita 50 a giya huɗu, ka taka totur gaba ɗaya. In ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, faranti ne ke zamewa. Bayan tafiya kuma ka kai hannu kusa da kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa na riƙewa.

Mai_Wayarin:

Abin da Oga ya faɗa haka yake. Ni tamostat ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. A mayar da shi, mai buɗewa a digiri 82, a kuma mayar da fanka kan suwic ɗinta. Ƙwaƙwalwar motar tana karanta zafin ruwa ne ta yanke yawan fetur ɗin da nozul zai fesa. In ruwa bai yi zafi ba, a wurinta inji bai gama ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara mai. Fulogi su yi baƙi, gawayi ya taru a kan fistan da bawul, fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda. Shan fetur ɗin da kake kuka da shi, kaso mai yawa daga nan yake. In ana tsoron zafi, lagireto za a wanke, a canza murfinsa, a duba famfon ruwa.

Motar da kanta za ta gaya maka wasu laifukan, ba sai an kai ta kwamfuta ba. A cikin bonet akwai ɗan akwati mai murfi da aka rubuta DIAGNOSIS a kai, a bayan murfin akwai taswirar ramukan. Ka sa guntun waya ka haɗa TE1 da E1, ka murɗa makulli wuta ta kawo ba tare da ka tayar ba, ka ƙirga ƙyaftawar fitilar inji a dashbod. In tana ƙyaftawa bai ɗaya ba tsayawa, babu laifi a ajiye. Ƙyaftawa biyu, ɗan shiru, sannan biyu, wato 22, sensar zafin ruwa ce. 21 sensar salansa, 24 ta zafin iskar da ke shiga, 31 mai auna zuƙar manifol, 41 ta totur. Sensar ruwa ana auna ta da mita: om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko 200 zuwa 400 a digiri 80.

Maganar taimin: da wayar nan a haɗe, inji da zafinsa yana silo, a haska fulin ƙasa da fitilar taimin. Digiri 10 kafin fistan ya kai ƙololuwa, shi ne ƙa'ida. Saita distiributa da kunne kuskure ne, domin in ba a haɗa TE1 da E1 ba ƙwaƙwalwar tana ta motsa taimin ɗin da kanta. Ƙarin digiri biyu yana ɗan sa mota ta farka, amma da yawa daga cikin 4A-FE na shekarun nan ba su da sensar da ke jin ƙarar nokin ta ja taimin baya. In ka ji ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawa, fetur ne ke fashewa ba a lokacinsa ba, kuma gefen fistan da gasket yake ci. A zafin watan Afrilu da kaya a mota, ni 10 ɗin nake ba da shawara a tsaya.

Matsin fetur: psi 38 zuwa 44 in an zare tiyon iskar regileta. Famfon da ya gaji yana iya ba da wannan a silo ya kasa in an taka, don haka a kalli gejin ana bugun totur. Filtar fetur tana jikin bangon da ke raba inji da ɗakin mota, mutane kan manta da ita shekara da shekaru. Fulogi NGK BKR5EYA ko Denso K16R-U, tazarar baki milimita 0.8, wayar fulogi kada ɗaya ta wuce om 25,000. A kula da jabun fulogi, sun cika kasuwa.

Injiniya_Filato:

Akwai abu biyu da ba laifin inji ba ne.

Taya. Motar ta zo da 175/70 R13 ko 175/65 R14, tsayinsu milimita 575 da 583. Wadda ka sa, 185/70 R14, tsayinta kusan 615. Wato ka rage wa kanka kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na ƙarfin ja a kowace giya. Na san don ramuka ake yi, amma babu salansar da za ta mayar maka da wannan.

Sai tudu. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, kuma injin da ba shi da turbo, na'urar da ke cusa masa iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300, saboda iska ta yi shara-shara. A saman Filato ko sabuwar mota ce ta rasa fiye da kashi 10. Zafi ma haka, kusan kashi 1 a kowane digiri 5 ko 6 na iskar da inji ke shaƙa. Shi ya sa buɗaɗɗiyar filtar nan mai siffar mazurari da samari ke sawa ba ta da amfani: iskar bayan lagireto mai zafi take zuƙa, kuma ƙurar hunturu tana ratsa ta ta cinye ringi. A bar akwatin kamfani, a riƙa canza takardar ciki. Bugun ta da iska mai ƙarfi yana huda ta.

Kuma, Malam, giya huɗu ba ta Hawan Kibo ba ce. Ƙarfin jan 4A-FE yana cika ne a wajen juyi 4,800 a minti. In kana hawa allura na kan 2,200, injin bai shiga inda yake aiki ba. Sauko uku tun kafin gudu ya mutu, ka riƙe shi tsakanin 3,500 da 4,500, ka kashe AC har ka haye. Kukan da za ka ji ba cutuwa yake yi ba. Danne shi a babbar giya shi ne ke wahalar da metal, wato boris ɗin cikin inji.

Mai_Corolla94:

Allah ya saka da alheri. An auna: 170, 165, 128, 168. An zuba mai a na uku, ya koma 132 kawai. Fitila ta ba da 22. Yanzu sauke tof za a yi? In an sauke, a kankare shi gaba ɗaya?

Oga_Bakanike:

Kada a sauke tukuna. Mai bai ɗaga shi ba, don haka bawul ne, kuma sau da yawa tazara ce ta rufe. A bar mota ta kwana ta huce, a buɗe murfin sama, a auna da fila geji: bawul ɗin shiga milimita 0.15 zuwa 0.25, na fita 0.25 zuwa 0.35. A gwada da takardar da ke manne a cikin bonet in tana nan. Da tsufa bawul ɗin fita yana nutsewa cikin mazauninsa, tazara ta ragu, ya daina rufewa ruf, matsi ya riƙa tsiyaya.

Injin nan ba shi da noti na saiti, da ƙwandala ake yi, wadda kanikawa ke ce wa shim. Lissafin na bawul ɗin fita: kaurin tsohuwa, a ƙara abin da aka auna, a cire 0.30. Misali an auna 0.12, tsohuwar 2.90 ce, sabuwa ta zama 2.72, sai a ɗauki 2.70 tunda hawa-hawan 0.05 ake yin su. A auna tsohuwar da maikiromita, lambar da ke bayanta takan goge. In an saita matsi ya dawo, an huta. In bai dawo ba bawul ya riga ya ƙone, sai a sauke a canza shi, a goge mazaunai, a sa sababbin robobin bawul.

Kankara kuwa, a ɗora ƙarfen awo a fuskar tof. In karkacewar ba ta wuce milimita 0.05 ba, a bar shi. Cire rabin milimita zai ɗaga ninkin matse iska a silinda daga 9.5 zuwa kusan 10, ribar doki ɗaya ko biyu ce, ga haɗarin nokin ya ƙaru.

Salansa a tabbatar dai ba ta toshe ba. A kwance sensar da ke manifol a ɗaura geji a ramin, a riƙe inji a juyi 2,500. In ya wuce psi 3, katalis ɗin da ake ce wa indomi ya narke, ko tukunyar baya ta rufta ciki. Bututu mai inci 2 ya ishi lita 1.6. Wanda ya fi haka ƙara yake ƙarawa, jan ƙasa-ƙasa kuma ya ragu.

Ɗan_Panteka:

In an gama duk wannan ana son ƙari na gaske, inji ake canzawa. Wasu za su ce 4A-GE mai bawul 20, doki 160 mai farin murfi, 165 mai baƙi. Inji ne mai kyau, amma ba na wannan aikin ba. Ƙarfinsa sai an haura juyi 7,000, ninkin matsinsa 10.5 zuwa 11 yana son fetur mai daraja, totur huɗu gare shi, wayarinsa daban, kayansa kuma wahalar samu.

Na mai ɗaukar kaya a tudu shi ne 7A-FE, lita 1.8. Faɗin silinda ɗaya ne da naka, milimita 81, amma tafiyar fistan 85.5 ce maimakon 77. Dokinsa bai fi naka da yawa ba, sai dai jansa kusan Nm 155 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ja ne) kuma yana cika tun wajen juyi 2,800, daidai inda kake tuƙi. Toyota da kanta ta sa shi a wannan bodin, don haka yana zama a kan mawuntin, giyabos ɗinka ma ya kama. A saye shi da ƙwaƙwalwarsa da wayarinsa, domin yana da sensar nokin wadda taka ba ta san da ita ba. Bulok ɗinsa ya fi tsayi da kimanin milimita 15, sai an gyara bututun salansa na gaba, taimin bel ɗinsa ma daban ne. A kula da na Carina E mai tsarin tsimin mai, manifol da sensocinsa sun bambanta, a nemi na Corolla.

Ko a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, lambar injin tana buge a jikin bulok, a karanta 7A da ido, kada a dogara da murfi. A buɗe murfin sama a ga ko baƙin mai ya daskare, a juya shi da sifana a ji matsi a silinda huɗun, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce kafin a biya. Tunda inji na ƙasa, a sa sabon bel, famfon ruwa, silin gaba da na baya da farantin kuloci kafin a ɗora shi.

Mai_Wayarin:

Kafin a kai ga canjin inji, Malam, a gyara 22 ɗin nan. Duba soket ɗin sensar tukuna, yakan yi tsatsa ko waya ta karye daga gindi. Bayan gyara a zare fiyus na EFI na daƙiƙa goma zuwa talatin don laifin ya goge, a zaga da mota ta yi zafi, a sake haɗa TE1 da E1 a ga ko ya dawo.