Giyar da na haɗa ta daina tashi, sanyin Jos ne?

Jama'a, ku taimaka. Ƙanina ya kawo min kayan haɗa giya daga Ingila: gwangwanin malt (ruwan tsiron sha'ir mai kauri), ƙullin yis da bokiti mai murfi. Na haɗa lita 23 da sukari kilo ɗaya yadda takardar ta ce. Kumfa ta taso, daga baya sai shiru. Ma'aunin da ke nuna sukarin da ya rage a giyar ya kafe a 1.020, ya ƙi sauka, kuma har yanzu da zaƙi a baki.

Hunturun nan nake zargi, don yis ɗin digiri 18 zuwa 22 yake so, ɗakina kuwa da asuba sai ka ce firji. In lulluɓe bokitin da bargo ne, ko in ƙara yis? Na masu burodi zai yi? Tsorona in ɗura a kwalabe, giyar ta sake tashi, su farfashe.