Wai a Amurka biyan manomi ake yi don ya ƙi noma?

Ɗan Funtuwa: Jama'a, an ce mini a Amurka gwamnati na ba manomi kuɗi ya bar gonarsa ba shuka. Ni dai ban yarda ba. Wace gwamnati ce za ta biya mutum ladan zaman kashe wando?

Malamin Gona: Ƙanena, maganar na da tushe. Tun 1985 suke da wani shirin kare ƙasar noma da ake kira CRP. Manomi zai sa hannu na shekara 10 zuwa 15, ya daina noma filin da zaizaya ke ci, ya shuka ciyawa ko itatuwa, gwamnati na biyansa haya duk shekara. A 1933 ma, zamanin Shugaba Roosevelt, da farashi ya faɗi warwas, an biya manoma suka bi audugar da ta riga ta tsiro da garma suka binne.

Hajiya Babba: Malam, ai wannan ɗan tsaraba ne. Manyan kuɗin suna wajen masu noma tuƙuru. Dokar noma ta 2014 ta kawo tsarin da ake lissafi da gunduma: in abin da eka ke kawowa a gundumarku ya gaza ma'aunin shekarun baya, za a biya ka, ko da taka gonar ta yi albarka. Wanda ke tsallaken iyakar gundumar kuwa, ƙanƙara ta kwantar masa da masara, in gundumarsu ta yi kyau wannan tsarin ba ya ganinsa. Kuma da faɗin gona ake auna kuɗin. Mai eka dubbai ya kwashi rabon zaki.

Malamin Gona: Hajiya, a yi adalci. A 2018 Chaina ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 kan waken suyar Amurka don ramuwa ga harajin Trump. Manomin jihar Iowa ne ya tono faɗan? Shi ya sa aka ware wa manoma dala biliyan 12 a shekarar, da biliyan 16 a 2019. Kuma akwai iyaka, a 2018 mutum ɗaya ba ya wuce dala 125,000 a kan amfanin gona irin su waken.

Hajiya Babba: Mutum ɗaya fa ka ce. A yi rajistar gonar da sunan 'yan'uwa biyar masu haɗin gwiwa, kowa ya karɓi nasa. Sannan masara, waken suya, alkama, auduga da shinkafa ne 'yan lelen. Mai tumatir da latas sai kallo.

Baba Mai Auduga: Yaran nan kuna ta musu kan rabon gidan wani, mu a Chadi a jikinmu muka ji. Tallafin nan ya sa suka cika kasuwar duniya da auduga, farashi ya karye. A 2003 a taron Hukumar Kasuwanci ta Duniya a Cancun ta Mexico, mu da Mali da Benin da Burkina Faso muka kai kuka. Brazil ce ta kai ƙara Hukumar Kasuwanci ta Duniya ta yi nasara. Sai Amurka ta riƙa biyan Brazil kusan dala miliyan 147 a shekara, a 2014 ta ba ta miliyan 300 aka rufe zancen. Mu da ba mu shigar da ƙara ba, ko sisin diyya.

Ɗan Funtuwa: Baba, Allah ya huci zuciyarka. To Malam, ashe mai ƙaramar gona a can ma bai tsira ba?

Malamin Gona: Yana samu, gwargwadon ekarsa. Ga inshorar amfanin gona, gwamnati ke biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗinta.

Hajiya Babba: Ita ma inshorar da eka ake auna ta, Malam, kuma ita ko iyakar babu.